Jaridun kwarmato da manyan jaridu idan rikici ya tashi a wasanni: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sun taru ne daga gardamar da ba ta ƙarewa a fadodin shayi na Yamai da gidajen kallon balo, da kuma bakin matasa masu koyon aikin jarida. Mafarin kusan ɗaya ne kullum. Wani ya turo hoton shafin farko na wata jaridar Turai a WhatsApp, fada ta rabu biyu, sai wani ya kashe magana da cewa, "Alhaji, ai jarida ce ta faɗa." Kashegari wata jaridar ta kawo labarin da wata fuska dabam. Yawancin misalan daga Ingila suke, don can ne rabuwar jaridun ta fi fitowa fili.

1. Mece ce jaridar tabloyid, mece ce kuma mai faɗin shafi?

Asalin rabon girman takarda ne. Mai faɗin shafi ita ce doguwar nan da sai ka ware hannu biyu kafin ka buɗe ta, tabloyid kuma kusan rabinta ce. Da tafiya ta yi tafiya, girman ya koma alamar hali. A Ingila, The Sun da Daily Mirror da Daily Star su ne na kwarmato: manyan haruffa, babban hoto, gajeren labari. The Times da The Guardian da Daily Telegraph da Financial Times su ne manyan. Daily Mail da Daily Express na tsakiya, amma in rikici ya yi zafi sun fi karkata wajen kwarmato.

Yau kada ka auna jarida da girmanta. The Independent ta rage takardarta a 2003, The Times ta biyo baya, The Guardian ma ta koma ƙaramin shafi a 2018, kuma ba wadda ta sake hali saboda haka. Bild ta Jamus kuwa a babbar takarda take fita, amma ba a kai ta kwarmato ba. A wannan shafi, in an ce "jaridar kwarmato" ko "babbar jarida", hali ake nufi.

2. In rikici ya ɓarke, wane bambanci zan fara gani?

Jaridar kwarmato fuska take nema. Tana son mutum ɗaya da za ta ɗora wa laifi, da hotonsa, da kalmomi kaɗan da za a riƙa maimaitawa. A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, Ingila ta gamu da Ajantina a Saint-Étienne. David Beckham ya shuri Diego Simeone yana kwance, arbit ya ba shi jan kati jim kaɗan bayan dawowa hutun rabin lokaci. Kashegari Daily Mirror ta buga kanun da ke cewa jaruman zakuna goma ne da wawan yaro ɗaya.

Dubi abin da kanun ya haɗiye. Ingila ta riƙe wasan 2 da 2 da mutum goma har ƙarshen ƙarin lokaci. An soke ƙwallon da Sol Campbell ya ci. A bugun fenareti ne aka fitar da su, inda Paul Ince da David Batty suka ɓarar. Waɗannan su ne kayan aikin babbar jarida: ta jera abin da ya faru, ta dubi doka, ta dubi shawarar koci, ta tambayi ko hukuncin arbit ya dace. Ita ma takan caccaki mutum, wani lokaci da zafi, amma takan ajiye caccakar a shafin ra'ayi, da sunan marubuci a sama, ta raba ta da rahoto.

3. Me ya sa suke yin haka? Rashin tarbiyya ne?

Kasuwa ce. Jaridar kwarmato ta ginu a kan cinikin kullum: mutum yana wucewa ta gaban shago, shafin farko ne kaɗai zai sa ya tsaya ya ciro kuɗi. Dole shafin ya yi ihu, kamar mai tallan kaya a tasha da ya san motar ba za ta jira shi ba. Babbar jarida ta fi dogara ga mai biyan kuɗin wata ko na shekara, wanda zai bar ta in ya ga tana yawan janye magana. The Times ta sa wa shafinta na intanet shingen biya tun 2010, The Sun kuwa yawan masu latsawa take nema, don da shi ake auna kuɗin talla.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne The Sun da The Times na kamfani ɗaya ne, na iyalan Rupert Murdoch. Mai gida ɗaya, kasuwa biyu.

4. To ke nan jaridun kwarmato maƙaryata ne?

Yawancin abin da suke bugawa yana da tushe, ƙari ne da zaɓen abin da za a nuna suka yi masa yawa. Amma akwai ranar da salon ya yi ɓarnar da har yau ba ta warke ba, kuma duk mai son fahimtar wannan magana ya kamata ya san ta.

Ranar 15 ga Afrilu 1989, Liverpool da Nottingham Forest sun je buga wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Hillsborough, a garin Sheffield. Jama'a suka cunkushe a waje. Babban jami'in ƴan sandan da ke kula da wasan, David Duckenfield, ya ba da umarni a buɗe wata ƙofar fita don a rage matsi, mutane suka kwarara cikin wurin tsayuwa da ya riga ya cika, kuma an kewaye shi da shingen ƙarfe. Aka matse mutane har lahira. Adadin da aka tsaya a kai shekaru da yawa 96 ne, ya zama 97 a 2021 bayan rasuwar wani da ya daɗe yana jinyar raunin ranar. Kwana huɗu bayan abin, ranar 19 ga Afrilu, The Sun ta cika shafin farko da kalmar "Gaskiya", a ƙarƙashi ta jera cewa wasu magoya bayan Liverpool sun yashe aljihun mamata, sun yi wa ƴan sanda fitsari, sun doki ɗan sandan da ke ƙoƙarin ceton rai. Editan jaridar na lokacin Kelvin MacKenzie ne. Zargin ya fito ne daga bakin wasu jami'an ƴan sanda da wani ɗan majalisa, ta hannun wani kamfanin dillancin labarai na garin. Wato waɗanda ake tuhuma da sakaci su ne majiyar.

Tun a watan Agusta na wannan shekara binciken alƙali Taylor ya ce babban sanadi shi ne gazawar ƴan sanda wajen kula da taron. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano an yi wa bayanan ƴan sanda 164 gyara, kuma a 116 an cire maganganun da ke sukar aikinsu. Firaminista David Cameron ya nemi gafarar iyalai, The Sun ma ta nemi gafara a shafin farko. A Afrilun 2016 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da laifi. Shekara 27 ke nan iyaye suna ɗauke da tabon da aka shafa wa ƴaƴansu. Har yanzu shaguna da yawa a Liverpool ba su sayar da jaridar, kuma a 2017 kulob ɗin ya hana wakilanta shiga filinsa na Anfield.

5. Manyan jaridu fa, hannunsu tsarkakakke ne?

A'a. Zargin Hillsborough ya fita a wasu jaridun ma, har da manya. Bambancin shi ne galibinsu sun jingina shi ga mai faɗa, suka ce "ƴan sanda sun yi zargin", ba su rantse a kansa ba. Wannan jinginawar tana kare jarida a kotu, tana kuma gaya wa mai karatu daga ina magana ta fito, sai dai ba ta hana ƙarya yaɗuwa. Kuma ranar da aka wanke magoya bayan a 2016, bugun farko na The Times bai sa labarin a shafin farko ba, sai da aka yi ca a kanta ta gyara, ta amsa kuskure.

Ga wani misali daga Faransa, wanda masu bibiyar Canal+ za su tuna. L'Équipe jarida ce da ake girmamawa a harkar wasanni. Ranar 19 ga Yuni 2010, ana tsakiyar gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu, ta buga a shafin farko, da manyan haruffa, wani mummunan zagi da ta ce Nicolas Anelka ya yi wa koci Raymond Domenech a ɗakin sauya kaya, a wasan da Meziko ta ci Faransa 2 da 0. Aka kori Anelka, kashegari ƴan wasa suka ƙi yin atisaye a Knysna, garin da suka yi sansani, suka zauna cikin bas. Anelka ya ce ba kalmominsa ba ne, ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Sai a 2018 Domenech da kansa ya ce ba haka aka faɗa masa ba. An yi cacar baki kam, amma kalmomin da aka sa cikin alamar zance, su ne suka ƙona gidan.

6. Akwai lokacin da jaridar kwarmato ta tono gaskiyar da wasu suka kasa?

Akwai. A watan Agusta 2010, News of the World ta tura wakilinta Mazher Mahmood da shigar burtu, ya ba wani dillalin ƴan wasan kurket na Pakistan fam 150,000 don a yi kuskuren jifa da gangan a lokacin da aka ajiye, a wasan da ake yi a filin Lord's na Landan. Aka yi kuskuren daidai inda aka ce. Ƴan wasa uku, Salman Butt da Mohammad Asif da Mohammad Amir, sun sha dakatarwa da ɗauri. Jaridar kwarmato tana da kuɗi da ƙarfin hali, kuma ba ta jin kunyar ɗana tarko.

Amma ka ji ƙarshen labarin. A Yulin 2011 an rufe jaridar saboda satar sauraren saƙonnin wayar mutane, shi kuma Mahmood an ɗaure shi a 2016 kan murɗe shaida a wata shari'a dabam.

7. Ɗana tarko da kyamarar ɓoye ba aikin ƴan kwarmato ba ne kaɗai?

Manya ma suna yi, kuma ɗaya daga cikin shahararrun ya taɓa maƙwabtanmu. A Oktoban 2010 wakilan Sunday Times sun yi shigar masu kamun ƙafa don Amurka ta samu karɓar baƙuncin kofin duniya, suka ɗauki Amos Adamu na Najeriya, ɗan kwamitin zartarwa na FIFA, yana maganar dalar Amurka 800,000 don gina filayen roba a ƙasarsa. Ya musanta aikata laifi, amma FIFA ta dakatar da shi shekara 3, kotun wasanni ta duniya kuma ta tabbatar da hukuncin. A Satumban 2016 Daily Telegraph ta yi wa Sam Allardyce irin wannan, ya bar kujerar kocin Ingila bayan kwana 67 da wasa ɗaya tak.

Saboda haka ba a dabarar kama mutum bambancin yake ba. Yana wajen abin da ake nema da tarkon. Tambayar da ta dace ita ce: abin da aka tono ya shafi amanar jama'a, kamar ƙuri'a ko sayar da wasa, ko kuwa sirrin gidan mutum ne kawai? Da wa ɗan wasa ya kwana, wannan bai taɓa sauya sakamakon wasa ba.

8. Ina babbar jarida ta fi ƙarfi?

A rikicin da ba shi da hoto. Shan ƙwayar ƙarin kuzari, kuɗin hukuma, kwangila, waɗannan takardu ne da haƙuri da lauyoyi. Lance Armstrong ya lashe tseren keke na Tour de France sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, duniya tana yi masa tafi don ya warke daga ciwon daji. David Walsh na Sunday Times ya yi shekaru yana cewa akwai lauje cikin naɗi. Armstrong ya kai jaridar ƙara, a 2006 ta biya shi fam 300,000. L'Équipe ma, a watan Agusta 2005, ta buga cewa an samu EPO, sinadarin ƙarin kuzari da aka haramta, a fitsarinsa na 1999. Sai a 2012 hukumar yaƙi da shan ƙwaya ta Amurka ta fitar da hujjoji, aka ƙwace kambunan duka, a Janairun 2013 kuma ya amsa da bakinsa. Jaridar da ke neman sabon kanu kowace safiya ba ta iya zaman jiran shekara goma a kan mutum ɗaya.

Lura cewa L'Équipe ɗin nan ita ce ta tambaya ta 5. Jarida ɗaya tana iya yin aikin kirki yau, gobe ta yi kwarmato.

9. Me ya sa ƴan wasa baƙar fata ke yawan kuka da waɗannan jaridu?

Don kanu na iya cutarwa ba tare da ƙarya ko ɗaya ba. A Disamban 2018, bayan an zage shi a filin Chelsea, Raheem Sterling, ɗan wasan Manchester City na lokacin, ya sa hotunan labarai biyu na shafin Daily Mail a Instagram. Dukansu kan matasan Manchester City ne da suka sayi gida. Na Tosin Adarabioyo, baƙar fata, an ce yaro ya watsa kuɗi a katafaren gida na fam miliyan 2.25 alhali bai taɓa fara wasan Firimiya ba. Na Phil Foden, farar fata, an ce tauraro mai tasowa ya saya wa mahaifiyarsa gidan fam miliyan 2. Sterling ya ce dukansu iyayensu mata suka yi wa, kuma irin wannan rubutu ne ke hura wutar wariya. Ba wanda zai ce lambobin ƙarya ne. Zaɓen kalma ne ya mai da ɗaya almubazzari, ɗaya ɗan albarka.

10. A Nijar muna da irin wannan rabuwa?

Ba kamar ta Ingila ba. Tsarin jaridunmu ya fi kama da na Faransa, inda babu jaridar kullum irin The Sun. Muna da Le Sahel ta gwamnati da Sahel Dimanche, duka na ONEP, hukumar buga jaridun gwamnati, sai jaridu masu zaman kansu, galibi na mako, da Faransanci, kuma siyasa ce ta fi cin shafukansu. Labarin wasanni ya fi zuwa wa jama'a ta radiyo da tele. Amma halayen nan biyu suna nan, sun dai sauya gida. Kwarmatonmu ya koma Facebook da TikTok da saƙon murya na WhatsApp.

Kokowar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tahoua a 1975, ita ce wurin gwaji. Jahohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, kowa kuma zuciyarsa na tare da jaharsa. A ce an yi kaye mai gardama, gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba. Kafin makaɗa su ajiye ganga, an yanko bidiyon daƙiƙa biyar an sa masa rubutu: an sayar da kokowa, an zalunci jaha kaza. Mai aiki irin na babbar jarida zai nemi bidiyon karawar tun daga farko, ya karanta dokar gasar ta wannan shekara, ya ji daga alƙalan wasa da hukumar kokowa da kocin ɓangarorin biyu. In wani ya ce an ba da kuɗi, ya rubuta wane ne ya ce, kuma me ya nuna. Haka yake in Mena, ƙungiyar balo ta ƙasa, ta sha kashi, aka fara raɗe-raɗin cewa ba a biya ƴan wasa kuɗinsu ba. Wataƙila gaskiya ce. Amma "an ce" ba ta isa ba, musamman a garin da kowa ya san gidan arbit.

11. An turo mini hoton shafin jarida a WhatsApp. Yaya zan tantance?

Fara da ranar da aka buga shi, don tsofaffin shafuka na dawowa duk lokacin da aka yi sabon rikici. Sannan ka nemi labarin kansa a shafin jaridar, don hoton shafin farko abu ne mai sauƙin ƙirƙira a waya. In ka same shi, karanta har ƙasa. A jaridar kwarmato, martanin wanda ake zargi yakan maƙale a sakin layi na ƙarshe, kuma sau da yawa shi ke rushe kanun. Ka sani kuma, a mafi yawan jaridu ba wanda ya rubuta labari ne ke sa masa kanu ba, wani ne a ofis.

Sai ka duba wa ke magana. "Wani na kusa da ɗan wasan" na iya zama dillalinsa, wanda ke son farashi ya tashi. In da Faransanci kake karatu, kula da "aurait" da "serait": marubucin yana gaya maka cewa shi ma ji ya yi. Masu fassara mana zuwa Hausa a saƙon murya su kan zubar da wannan shakkar, "wai" ta ɓace, zargi ya iso fada a matsayin hukunci. In jaridu goma sun kawo labari amma dukansu suna cewa "kamar yadda The Sun ta ruwaito", majiya ɗaya ce, ba goma ba. Tambaya ta 4 ta nuna abin da ke faruwa in majiyar tana da abin ɓoyewa.

12. Ina koyon aikin jarida. Wane salo zan bi?

Kada ka raina ƴan kwarmato a fannin rubutu. Sun iya gajeriyar jimla, sun iya fara labari da abin da ya fi muhimmanci, sun san mai karatu ba ya da lokaci. Wannan shi ne ainihin abin da radiyon Hausa ke buƙata, kuma jaridunmu da ke buɗe labarin wasa da jerin sunayen manyan baƙi da jawabinsu, sai a sakin layi na biyar ka ji wa ya ci, suna da abin koya a nan. Abin da za ka ɗauko daga manyan jaridu shi ne aikin da ake yi kafin rubutu: majiya biyu da ba su san juna ba, kiran wanda ake zargi kafin a buga, raba rahoto da ra'ayi, da gyara kuskure a fili in an yi shi.

Akwai wata matsala tamu da ba ta cikin littattafan Turai. Wakilin wasanni a nan sau da yawa cikin motar hukuma yake tafiya, ita ke ba shi masauki da kuɗin mota. Ranar da rikici ya tashi tsakanin hukumar da ƴan wasa, bakinsa ya yi nauyi. In ba ka da halin biya wa kanka tafiya, aƙalla editanka ya san wa ya biya, kuma a ba wani abokin aikin da bai shiga motar ba ya rubuta labarin rikicin.